Bizar karatu da bizar aiki: abin da ya kamata mutanen Garwa su sani kafin su kama hanya



Tambayoyi sun yawaita daga ɗalibai da iyaye a masallatanmu na Garwa da Marwa da Ngaundere game da fita waje neman ilimi ko neman halal. Mun ga ya dace mu tattara bayanin wuri ɗaya. Tushen maganar shi ne, biza yarjejeniya ce tsakaninka da ƙasar da za ka shiga, kuma kowace iri da abin da ta halatta maka. Wanda ya shiga da bizar ziyara ya kama aiki ya saɓa alkawari, ya kuma jefa kansa cikin haɗari.

Takardun da ake farawa da su a gida

Farkon abin nema shi ne takardar haihuwa. Da yawa daga cikin yaranmu na arewa ba a yi musu ita ba, musamman waɗanda aka haifa a ƙauye. Wanda lokacin rajista ya wuce masa sai ya bi ta kotu ya samo hukuncin da ake kira jugement supplétif, wanda ke iya ɗaukar watanni. A tabbata suna da ranar haihuwa iri ɗaya ne a takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa da takardun makaranta. Mohamadou a wannan takarda, Mouhamadou a waccan, ya isa a mayar da mutum baya.

Sai fasfo. Tun daga 1 ga Yuli 2021 Kamaru take bayar da sabon fasfo mai ɗauke da zanen yatsa, kuɗinsa sefa 110,000, yana aiki shekara 5. Ana cike takarda a biya kuɗin ta intanet, sannan a je a ɗauki hoto da zanen yatsa, kuma ana yin wannan a nan Garwa. Ana kuma yawan neman takardar kotu mai nuna mutum ba shi da laifi, wadda wata 3 kawai take aiki, da katin rigakafin shawara. Takardun makaranta kuwa, ƙasashe da dama ba sa karɓarsu sai an buga musu hatimin ma'aikatar harkokin waje a Yawunde.

Ofisoshin jakadanci suna Yawunde, wasu ƙananan ofisoshi a Duwala. Saboda haka a lissafa kuɗin mota zuwa Ngaundere, da jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, da masauki, domin sau da yawa zuwa ɗaya ba ya isa.

Maƙwabta: shiga babu biza, amma zama da sharaɗi

Ƙasashe 6 na ƙungiyar CEMAC, wato Kamaru da Cadi da Afirka ta Tsakiya da Kongo da Gabon da Ikwatoriyal Gini, sun amince tun 2017 'yan ƙasarsu su shiga wa juna babu biza har kwana 90. Najeriya ma ɗan Kamaru yana shigarta babu biza don ziyarar da ba ta wuce kwana 90 ba. Sai dai izinin shiga daban, izinin zama daban. Kamaru ba ta cikin ECOWAS, don haka ɗalibinmu da ya samu gurbi a Jami'ar Modibbo Adama ta Yola, ko ta Maiduguri, ko Bayero ta Kano, baƙo ne a idon doka ko da Hausa da Fulatanci ne a bakinsa. Ya nemi katin zama daga hukumar shige da fice ta hanyar jami'arsa. Haka wanda zai je Jami'ar Sarki Faisal a Njamena ya daidaita takardun zamansa da zarar ya isa.

Bizar karatu a ƙasashen Musulmi

Ƙa'idar bizar karatu a ko'ina ita ce, makaranta ce take fara karɓarka, sannan ofishin jakadanci ya ba ka biza. Duk wanda ya ce zai samo maka bizar karatu alhali babu takardar karɓa daga makaranta, ka yi hattara da shi.

A Saudiyya, Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1961, da sauran jami'o'in gwamnati suna bayar da guraben kyauta. Yanzu ana nema ta shafin gwamnati mai suna Study in Saudi, kuma mai neman digirin farko kada ya wuce shekara 25. A Masar akwai guraben Azhar, inda ake gwada ɗalibi a ɗora shi a matakin da ya dace da shi. Turkiyya tana da shirin Türkiye Bursları, wanda aka saba buɗewa daga Janairu zuwa Fabrairu. Yana ɗaukar kuɗin makaranta da masauki da tikitin jirgi da kuɗin kashewa, da shekara guda ta koyon Turkanci. Iyakar shekaru: ƙasa da 21 ga digirin farko, 30 ga na biyu, 35 ga na uku. Guraben Maroko ta ma'aikatar ilimi mai zurfi ta ƙasarmu ake sanar da su. Sudan, inda malamanmu da yawa suka yi karatu, tana cikin yaƙi tun Afrilun 2023, ba ma ba kowa shawarar zuwa yanzu.

Kafin ka tafi, ka bincika ko ma'aikatar ilimi mai zurfi za ta daidaita takardar da za ka dawo da ita da digirin Kamaru. Abin baƙin ciki ne mutum ya shafe shekara 6 a waje ya dawo ba zai iya shiga jarrabawar aikin gwamnati ba.

Faransa da Jamus da Kanada

Waɗannan ƙasashe abin da suka fi dubawa shi ne ko kana da abin da za ka ci. Faransa sai an bi ta Campus France, a yi maka tambayoyi baki da baki, ka nuna kana da kuɗin da za ka rayu da su kowane wata; a 2025 aƙalla yuro 615 ake nema, kimanin sefa 403,000. Idan ka isa sai ka tabbatar da bizarka ta intanet cikin wata 3. An yarda ɗalibi ya yi aiki sa'a 964 a shekara.

Yawancin jami'o'in gwamnati a Jamus ba sa karɓar kuɗin karatu, amma tun Satumban 2024 ana neman a ajiye yuro 11,904 a asusun da ake cira kaɗan kaɗan kowane wata, wato kusan sefa miliyan 7.8. Akwai kuma bizar koyon sana'a, inda ake biyan mai koyo, sai dai ana neman Jamusanci a matakin B1. Kanada tana neman takardar karɓa daga makarantar da gwamnati ta yarda da ita, da shaidar kuɗin shekara, kuma tana da hanyoyi na musamman ga ma'aikata masu jin Faransanci.

Waɗannan adadi suna canzawa. A duba shafin ofishin jakadancin kansa kafin a sayar da saniya ko gona.

Bizar aiki

Bizar aiki ta gaskiya tana farawa da kwangila a rubuce daga mai ɗaukar aiki, mai nuna irin aikin da albashi da hutu da wanda zai biya kuɗin dawowa. A Saudiyya wanda ya ɗauke ka ne yake fitar maka da katin zama, wato iƙama. Gyaran da aka yi wa tsarin kafala a Maris 2021 ya sauƙaƙa wa ma'aikatan kamfanoni sauya wurin aiki, amma bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba, alhali irin waɗannan ayyuka ne ake yawan tallata wa mutanenmu. Iyaye su kula ƙwarai da maganar kai 'yan mata aikin gida ƙasashen Larabawa. An sha dawo da 'yan Kamaru daga Kuwaiti da Labanan bayan an ƙwace musu fasfo an hana su albashi. Dokar ƙasarmu ta 14 ga Disamba 2011 ta haramta safarar mutane, wanda ya ga alamarta ya kai ƙara.

Bizar Umara da ta Hajji ba ta aiki ba ce

Kowace shekara alhazanmu suna tashi daga filin jirgin Garwa, wani lokaci kuma a samu mai niyyar maƙalewa. Zaman takari zama ne na ɓuya: ba asibiti cikin kwanciyar hankali, ba kotun da za ka kai wanda ya cinye maka haƙƙi. A 2025 hukumomin Saudiyya sun sa tarar da ta kai riyal 20,000 ga mai yin Hajji babu izini, tare da kora da hana shiga ƙasar shekara 10. Haka bizar ziyara ta Turai, kwana 90 ne cikin kowane 180, kuma ba a aiki da ita. Suratul Ma'ida ta buɗe da umarnin cika alƙawura, sa hannunka a takardar biza kuwa yana cikinsu.

Alamomin ɗan damfara

Yana ba ka tabbacin biza, alhali jami'in jakadanci kaɗai ke yanke wannan hukunci. Yana neman kuɗi masu yawa ta waya babu rasit. Yana cewa ka tafi da bizar yawon buɗe ido a gyara a can. Yana so ya haɗa maka takardar banki ta jabu, wadda idan aka gane za a iya hana ka biza shekaru. Yana riƙe fasfonka. Ko ya ce a bi ta Agadas zuwa Libiya, hanyar da ta ci rayukan matasa, wasu kuma sai da hukumar ƙaura ta duniya ta kwaso su daga gidajen tsare mutane a 2017.

Muna roƙon limamai su karanta wa jama'a wannan bayani, ɗalibai kuma su kai takardunsu ga wanda ya riga su tafiya ya duba kafin su biya ko sisi. A yi istihara, a yi shawara, a nemi yardar iyaye. Allah Ya buɗe wa 'ya'yanmu ƙofofin ilimi mai amfani da arziki na halal, Ya dawo mana da su lafiya. Amin.