Guzurin Talaka a Hanyar Gabas

Tsakanin Kano da gaɓar Bahar Maliya akwai tafiyar da ta haura kilomita 3,000. A rabin farko na ƙarni na 20, duk wanda ya kama wannan hanya da niyyar sauke farali sai ya taka ƙasashe biyar, kowace da masu mulkinta: Nijeriya a hannun Ingila, arewacin Kamaru, Cadi a hannun Faransa, Sudan da Ingila da Masar ke riƙe da ita tare, sannan Hijaz. Yawancin waɗanda suka yi wannan tafiya ba masu hannu da shuni ba ne. Manoma ne da almajirai da wanzamai da dukawa da mata masu goyo, mutanen da ba su taɓa tara kuɗin da zai kai su ko rabin hanya ba. An saba jingina abin ga ƙarfin imani da juriyar magabata, kuma babu mai musun haka. Sai dai imani shi kaɗai ba ya ciyar da iyali shekara da shekaru a ƙasar da ba a jin harshenka. Abin da ya kai talaka Makka da ƙafa shi ne tsarin da ya ba shi dama ya biya kuɗin tafiya kaɗan-kaɗan yana cikin tafiyar, da sana'arsa da lokacinsa da taimakon jama'arsa, maimakon a ce ya biya gaba ɗaya tun kafin ya bar gida.

Za a fi ganin haka idan aka duba tsohuwar hanyar da ta riga wannan. Shekaru ɗaruruwa mahajjatan Yammacin Afirka sun riƙa bin ayarin raƙuma ta hamada, su bi ta Agadas ko Bilma zuwa Fezzan, daga nan su nufi Alƙahira su shiga babban ayarin Masar. Ta Alƙahira Mansa Musa na Mali ya bi a 1324, haka Askiya Muhammadu na Songhai a ƙarshen ƙarni na 15, kuma tun a ƙarni na 13 mutanen Kanem suka kafa makaranta da masauki a wannan birni domin ɗalibansu da mahajjatansu. Amma hamada ba ta ba da aikin yi. Babu gonar da za a yi ƙodago, babu kasuwar ƙauye da za a kasa kaya, kuma wanda guzurinsa ya ƙare tsakanin rijiya da rijiya ajalinsa ya zo. Dole ne a tanadi raƙumi da salka da abinci da ladan jagora tun daga farko. Shi ya sa hajjin hamada ya kasance na sarakuna da manyan malamai da fatake da waɗanda suka raɓe su. Hanyar Gabas kuwa ta cikin ƙasar noma da kiwo take bi, inda ake samun gari ko ruga ko kasuwa bayan ɗan zango, kuma duk inda mutane suke akwai mai neman a yi masa aski ko a gyara masa takalmi ko a karantar masa da yaro.

Fiƙihun da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa ma ya ba da ƙofa. Hajji ya wajaba ne a kan wanda yake da iko, amma malamai sun saɓa a kan mene ne ikon. Mazhabobi uku, ban da Malikiyya, sun sharɗanta guzuri da abin hawa ga wanda yake nesa. Malikiyya kuwa, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Halil, sun tafi a kan cewa wanda zai iya tafiya da ƙafa kuma yana da sana'ar da za ta riƙe shi a hanya yana cikin masu iko, ko da ba shi da guzuri ko dabba, matuƙar akwai aminci ga rai da dukiya kuma wahalar ba ta wuce kima ba. Wanzamin da ya rataya zabirarsa ya fuskanci gabas yana da hujja a littafi, kuma malamin unguwarsu zai iya nuna masa ita.

Sharaɗin aminci shi ne ya daɗe bai cika ba. Tun a 1814 matafiyi Burckhardt ya tarar da mahajjatan Yammacin Afirka a Sudan suna tafe da ƙafa suna neman abinci a hanya, amma a ƙarni na 19 ratsa Bagarmi da Wadai da Darfur kasada ce babba, ga yaƙe-yaƙen Mahadi daga 1881 zuwa 1898, ga na Rabeh har zuwa kashe shi a Kusuri a 1900. Bayan Faransa ta kama Abeshe a 1909, Ingila kuma ta ci Darfur a 1916, sai hanyar ta lafa. Kafin nan wani abu ya faru da ya fi wannan tasiri. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira zuwa gabas, jama'a masu yawan gaske suka bi shi. An kashe shi a Burmi a watan Yuli na shekarar, amma ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran mutanen har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sannar, a garin da har yau ake kira Mai Wurno. Daga nan mai tahowa daga Kano ko Katsina ko Damagaram ya san akwai garin 'yan'uwansa a tsakiyar Sudan, da sarki da liman da kasuwa.

Tafiyar kanta zango-zango ake yin ta, kuma yanayin shekara ne ke tsara ta. Ana tashi bayan kaka, lokacin da aka sayar da amfanin gona kuma laka ta fara bushewa a firgin da ke tsakanin Dikwa da Kusuri. A haye kogi zuwa Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, a bi ta Ati zuwa Abeshe, a shiga Sudan ta Junaina, a wuce Fashir da Nuhud zuwa Ubayyid. Inda damina ta riski mutum nan zai yada zango, ya ari gona ko ya yi ƙodago, ya jira wata kakar. A Kurdufan akwai aikin ɗebo ƙaro, a Gadarif akwai girbin riɗi da dawa. Mafi girma duka shi ne gandun auduga na Jazira, wanda ya kankama bayan kammala madatsar ruwa ta Sannar a 1925, kuma mutanen Yammacin Afirka sun zama wani babban kaso na leburorinsa, musamman lokacin tsinkar kaɗa. Tun wajen 1912 jirgin ƙasa ya isa Ubayyid, saboda haka wanda ya tara ɗan abin hannu zai iya hawa zuwa Kosti da Hartum har bakin teku, inda ake tsare mahajjata a Sawakin a duba lafiyarsu kafin su shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. A garuruwan hanya kuwa maza na ga-ruwa da dako da ɗinki da fawa da tsire, malamai na rubutun sha da karantarwa, mata na suyar ƙosai da sayar da gyaɗa. Akwai wata hikima a nan da ba a cika lura da ita ba: wanda yake samun kuɗin kowace ƙasa a cikin ƙasar, ya kashe su a nan, ba ya asarar canji, kuma ba ya ɗauke da wata dukiya da za ta jawo masa ɗan fashi.

Sana'a kuma ba ta da amfani ga baƙo idan bai san inda zai sauka ba. A nan ne tsohon tsarin fatauci ya yi rana. Hausawa sun daɗe da sanin zango da madugu da mai masauki daga fataucin goro zuwa Gwanja, sai suka shimfiɗa irin wannan tsari a hanyar Gabas. A kusan kowane babban gari akwai unguwar baƙi da shugabanta, wanda zai ba sabon zuwa wurin kwana, ya nuna masa inda ake ɗaukar ma'aikata, ya tsaya masa gaban hukuma, ya gaya masa wace hanya ce ta lalace da kuma wane ayari ne zai tashi. Idan rashin lafiya ta kama shi akwai masu jinya, idan ya rasu akwai masu yi masa sutura. Waɗanda suka riga shi zuwa ne suka gina wannan, shi ma idan ya zauna zai karɓi na bayansa. Abin da matafiyin yau ke biya wa otal da tafinta da dillali da inshora, a wancan lokaci zumunci ne ke ɗaukar nauyinsa.

Akwai mai cewa kiran wannan tafiya mai araha zalunci ne ga waɗanda ta cinye, kuma maganarsa tana da nauyi. Mutane sun mutu da ƙishirwa da zazzaɓi da agana. Wasu da suka kasa biyan kuɗin jirgi da na takardu sun shiga ƙananan jiragen ruwa a ɓoye, aka sauke su a gaɓar da ke kudu da Jidda, nesa da ruwan sha. An yaudari wasu an sayar da su ko 'ya'yansu a Hijaz, inda ba a haramta bauta a hukumance ba sai 1962. Da yawa sun shafe shekara goma ko fiye, wasu ba su kai ba, wasu sun kai ba su komo ba, aka bar mata da iyaye cikin jiran da ba shi da ranar ƙarewa. Jikokin waɗanda suka tsaya a Sudan har yanzu suna fama da masu yi musu kallon baƙi, kamar yadda rikicin jihar Shuɗin Nilu na 2022 ya nuna. Duk wannan gaskiya ne, kuma ya tabbatar da cewa arahar ta kuɗi ce kawai. An biya sauran da shekaru, wani lokaci da rai. Amma a tuna da zaɓin da ke gaban talaka a lokacin. A 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je hajji ta jirgin ruwa, tafiyar da ta haɗa har da Ingila. Wannan ƙofa ba a buɗe take ga manomin ƙauye ba. Shi ko dai ya bi ta Abeshe da ƙafarsa, ko ya mutu bai ga Ka'aba ba.

Wani kuma zai ce yawancinsu ba mahajjata ba ne, masu gudun haraji da aikin tilas ne ko 'yan ci-rani da suka fake da addini. Babu shakka waɗannan dalilai sun cuɗanya, domin wanda ya bi Attahiru hijira yake yi, wanda ya tsaya a Jazira kuma abinci yake nema. Amma raba su gida biyu rashin fahimtar tsarin ne, tunda neman abincin shi ne abin hawan. Masanin nan ɗan Ghana, Bawa Yamba, ya yi bincike a ƙauyukan Hausawan Sudan, ya tarar da mutanen da aka haife su a can, iyayensu ma a can aka haife su, amma suna ɗaukar kansu mahajjata ne da ke kan hanya. Niyyar da ta rayu har jikoki ba za a kira ta fakewa ba.

Sauyin da ya kawo ƙarshen wannan tafiyar ƙafa ya fara ne da mota. A ƙarshen shekarun 1940 wasu attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kassim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai da aka sani da WAPA, wadda sunanta ya zauna a kan wani yanki na Fagge. Tafiyar shekaru ta koma ta watanni, sannan jirgin sama daga Kano ya mayar da ita ta awoyi a shekarun 1950. Sai dai ba jirgi kaɗai ya kashe tsohuwar hanya ba, takarda ce ta ƙarasa ta. Da ƙasashen suka sami 'yancin kai, fasfo da biza da katin rigakafi da izinin aiki suka zama dole, kuma dukkansu suna neman mutum ya nuna kuɗinsa tun kafin ya taka iyaka. Nijeriya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, daga baya aka kafa wata sabuwa, NAHCON, a 2006, kuma daga ƙarshen shekarun 1980 aka ƙayyade wa kowace ƙasa yawan kujerunta. Wannan ya ceci rayuka masu yawa, kuma babu mai hankalin da zai ce a koma bin Darfur da ƙafa, balle yanzu da Sudan ke cikin yaƙi tun Afrilun 2023. Amma ya mayar da hajji irin na zamanin hamada ta fuska ɗaya: sai wanda ya iya biya gaba ɗaya. A 2025 kuɗin kujera a Nijeriya ya haura naira miliyan 8.

Saboda haka darasin hanyar Gabas ya fi ƙarfin a tuna da shi a yi ta yabon magabata. Mutanen nan sun gane cewa doguwar tafiya tana yiwuwa ga mai ƙaramin ƙarfi idan aka yanka ta gunduwa-gunduwa, aka bi lokacin da ya dace, aka san wurin sauka tun kafin a isa, kuma aka ba mutum shekaru ya biya. Ƙasar Malesiya ta ɗauki wannan na ƙarshe ta mayar da shi hukuma tun 1963, da asusun Tabung Haji da manoma da ƙananan ma'aikata ke zuba kuɗi a hankali har su cika. A Nijeriya sai a 2020 aka ƙaddamar da shirin adashin gata tare da bankin Jaiz. Irin wannan asusu ne magajin zangunan Abeshe da Jazira, kuma ya cancanci a riƙe shi da amana, a kare ajiyar mutane daga faɗuwar darajar naira, a kai shi har kasuwannin ƙauye. Idan aka kasa yin haka, wanzamin wannan zamani zai kasance ya fi kakansa nisa da Makka, duk da jiragen da ke tashi daga Kano kowace shekara.