Tarihin Salak: Daga Lambunan Masar Zuwa Akushinmu

Gabatarwa

Akwai wata magana da mukan ji a bakin dattawa idan aka ajiye musu farantin salak a wurin biki: “Ni akuya ne da za a ba ni ɗanyen ganye?” Akan yi dariya, a janye farantin, a kawo tuwo. A wajen da yawa daga cikinmu salak abincin ’yan boko ne, baƙon da ya shigo tare da Bature, ba ya ƙosarwa, ba a kuma cin sa sai don a nuna an waye. A wannan maƙala za mu bi sawun wannan abinci tun daga mafarinsa, domin mu ga yadda yunwa da jiran sauyin yanayi suka haife shi, da yadda ruwan haɗin da ake zuba masa ya daɗe yana fitowa daga hannun mai girki kafin ya koma cikin kwalba. Dalilin wannan bin sawu shi ne, mun karɓi abincin amma muna neman mu bar iliminsa a baya.

Lokacin da ganye ke dawowa

Kafin mu shiga tarihin, ya kamata mu warware wani ruɗani na fassara. Turawa suna da wani yanayi da ke zuwa bayan hunturu, daga watan Maris zuwa Mayu, wanda masu fassara kan kira bazara. Sai dai bazararmu lokacin zafi ce da ƙishirwa, tasu kuwa lokaci ne da ƙanƙara ke narkewa, ƙasa ta yi laushi, tsirrai su fara ɓullowa. Idan za a kamanta ta da wani abu a wurinmu, to ta fi kusa da farkon damina, lokacin da tafasa da rama ke fitowa bayan doguwar jira.

A zamanin da, kafin a sami firiji da jiragen dakon kaya, mutanen Turai kan shafe watannin sanyi suna cin burodi da busasshen wake da naman da aka adana cikin gishiri. Idan hunturu ya yi nisa, sai jiki ya yi nauyi, dasashi ya riƙa zubar da jini, miki ya ƙi warkewa. Yau mun san cewa rashin bitamin C ne ke jawo haka, amma ba a gano wannan sinadari ba sai a wajajen shekarar 1930. Su dai mutanen da sun lura cewa da zarar sun fara cin sabon ganye sai jiki ya warware. Saboda haka latas na farko da albasa mai lawashi da ɗanyen wake irin nasu sun kasance musu abinci da magani a lokaci guda.

Masar da Rum

Latas tsohuwar shuka ce. Misirawan dauri sun noma shi fiye da shekara 4,000 da suka wuce, har ma sun zana hotonsa a bangon kaburburansu, suna kuma tatsar mai daga ƙwayarsa. Daga baya Girkawa da Rumawa suka ci gaba da nomansa. Rumawa suna kiran sa lactuca, daga kalmarsu mai nufin madara, saboda farin ruwan da ke fita daga karansa idan aka karya shi, kamar dai na tumfafiya. Wannan sunan ne ya ratsa Faransanci ya shiga Ingilishi, sa’an nan ya iso bakinmu ya zama latas. Haka ita ma kalmar salak, mun aro ta ne daga Ingilishi, amma tushenta kalmar Latin ce sal, wato gishiri. Ke nan tun daga sunan za mu fahimci cewa ganye da gishiri su ne asalin abin.

Rumawa sun ɗauki ɗanyen ganye da muhimmanci ƙwarai. Marubucin nan Pliny Babba, wanda ya rasu a shekarar 79 miladiyya, ya ruwaito cewa wani likita mai suna Antonius Musa ya ceci ran Sarki Augustus daga wata cuta ta hanyar ba shi latas. Mawaƙinsu Martial kuwa ya yi mamakin yadda kakanninsa ke rufe cin abinci da latas, alhali mutanen zamaninsa da shi suke buɗewa. Wannan saɓani bai ƙare ba har yau, domin a al’adar Faransawa salak kan biyo bayan babban abinci, a Amurka kuwa shi ake fara kawowa. Abin da Rumawa ke zuba wa ganyen shi ne gishiri da man zaitun da ruwan khal, wato binega, kuma waɗannan ukun su ne ginshiƙin haɗin har zuwa yanzu.

Littattafai uku daga Ingila

Hanya mafi sauƙi ta ganin yadda salak ya rayu bayan faɗuwar daular Rum ita ce duba wasu littattafai uku da aka rubuta a Ingila. Na farko shi ne The Forme of Cury, kundin girke-girke da masu dafa wa Sarki Richard na Biyu abinci suka tattara a wajajen shekarar 1390. A cikinsa akwai bayanin salak: a samo faski da tafarnuwa da albasa da na’a-na’a da lansir da wasu ganyaye, a wanke, a tsittsinke da hannu, a cuɗa da ɗanyen mai, a zuba khal da gishiri. Abin lura a nan shi ne lansir, wanda mu ma muke kwaɗawa ɗanye a gidajenmu. Babu tumatir a jerin, domin tumatir ɗan nahiyar Amurka ne, bai iso Turai ba sai bayan tafiyar Columbus ta 1492.

Na biyu shi ne na Giacomo Castelvetro, mutumin birnin Modena a Italiya, wanda saɓanin addini ya raba shi da ƙasarsa. A shekarar 1614 ya rubuta wani ɗan littafi game da ganyaye da ’ya’yan itatuwan Italiya, ya jera su bisa yanayin shekara, da nufin jan hankalin Ingilawa su rage cin nama da kayan zaƙi. Ya koyar da cewa a wanke ganye sau uku ko huɗu a cikin kwano, a riƙa tsamo shi da hannu domin yashi ya zauna a ƙasa, a tsane shi sosai, sa’an nan a sa gishiri isasshe da mai a wadace, khal kuwa kaɗan. Ya yi kukan yadda baƙi ke nutsar da ganye cikin khal har ya fita daga hayyacinsa.

Na uku shi ne Acetaria na John Evelyn, wanda aka buga a 1699, littafi sukutum a kan salak kaɗai. Ya lissafa tsirrai fiye da 70 da za a iya sa wa a ciki, ya kuma bayar da awon da ake bi har gobe: mai kashi uku, khal ko ruwan lemon tsami kashi ɗaya, da gishiri da mastad da gwaiduwar dafaffen ƙwai. Har ma ya gargaɗi masu girki da su guji wuƙar ƙarfe da kwanon ƙarfe, don kada tsami ya ci su ya ɓata ɗanɗano.

Faransa da ruwan khal

Ko da yake Ingilawa sun rubuta, Faransawa ne suka ba haɗin sunan da duniya ta san shi da shi, wato vinaigrette. Kalmar ta fito ne daga vinaigre, ma’ana ruwan inabin da ya yi tsami. Birnin Orléans da ke bakin kogin Loire ya shahara da wannan sana’a, saboda gangunan ruwan inabi da ake ɗaukowa ta kogin zuwa Faris, wasunsu kan yi tsami a hanya, sai a sauke su a can a mayar da su khal. A shekarun 1860 masanin kimiyya Louis Pasteur ya tabbatar da cewa wasu ƙananan halittu ne ke yin wannan aiki, suna juya barasa ta koma tsami idan akwai iska. Ana kuma yin khal da dabino da tuffa da rake. Mu ma ba baƙonmu ba ne, domin hadisi ya zo a Sahihu Muslim yana yabon khal a matsayin mahaɗin abinci.

Akwai wani labari da marubuci Brillat-Savarin ya bayar a littafinsa na 1825, wanda ke nuna darajar da iya haɗa salak ya taɓa samu. Bayan juyin juya halin Faransa na 1789, wani basarake mai suna d’Albignac ya yi gudun hijira zuwa Landan ba shi da ko anini. Wata rana yana cin abinci a wani gidan abinci, sai wasu samarin masu hannu da shuni suka roƙe shi ya haɗa musu salak irin na ƙasarsu. Da suka ɗanɗana, labari ya bazu, manyan gidaje suka riƙa aiko masa. Daga baya har ya sayi keken doki, ya sami yaro mai ɗaukar masa akwatin mai da khal iri-iri. Marubucin ya ce da wannan sana’a ya tara fiye da faran 80,000 ya koma gida. Gaskiyar Bahaushe da ya ce sana’a sa’a.

Zuwan kwalba, da isowarsa ƙasar Hausa

A farkon ƙarni na 20 masana’antu suka shiga harkar. A shekarar 1914 kamfanin Heinz ya fitar da farin kirim na salak don kasuwar Birtaniya, mai kauri da ɗan zaƙi, wanda ba ya bukatar awo ko kaɗawa. Wannan ya zo daidai da zamanin mulkin mallaka, don haka salak ɗin da ya shigo Nijeriya ya zo ne da ɗabi’ar Ingilawan wancan lokaci: kabeji da karas da dafaffen ƙwai da waken gwangwani, a lulluɓe da kirim. Da za mu tsallaka iyaka zuwa Maraɗi ko Damagaram, inda Faransa ta yi mulki, za mu tarar ’yan’uwanmu Hausawa sun fi sabawa da latas da tumatir da albasa da aka zuba wa mai da binega. Al’umma ɗaya ce, harshe ɗaya, amma tarihi ya raba mana ruwan haɗi.

Sai dai kuma kafin zuwan kowane Bature muna da namu. Mene ne kwaɗon zogale ko na rama ko na lansir in ba ganye da gishiri da mai ba? Garin ƙuli-ƙuli yana yin aikin da mastad da gwaiduwa ke yi wa Bafaranshe, wato ya kama mai da ruwa ya riƙe su a jikin ganye. Lemon tsami ko tsamin ramar kanta ya tsaya a madadin khal. Bambancin kawai shi ne mukan dafa zogale da rama tukuna. Haka kuma lokacinmu ya saɓa da nasu, domin latas ba ya son zafi, saboda haka a wurinmu da hunturu ya fi yawa, lokacin da lambuna da fadamu ke cika da shi.

Yadda ake haɗawa

Abin da magabatan nan suka bar mana bai fi ƙarfin ɗalibi a ɗakin kwanansa ba. A sami latas sabon tsinka da lansir da kokwamba da karas da albasa mai lawashi. A wanke su da tsabtataccen ruwa sau uku kamar yadda Castelvetro ya koyar, musamman da yake wasu lambunan bakin birni da gurɓataccen ruwa ake ba su. A tsane ganyen sosai, domin mai ba ya kama jiƙaƙƙen ganye. A zuba cokali ɗaya na khal ko ruwan lemon tsami a kwano, a narka gishiri a cikinsa tukuna, tunda gishiri ba ya narkewa a mai. A ƙara ɗan mastad ko ɗan garin ƙuli, sa’an nan a riƙa ɗiga cokali uku na man zaitun ko man gyaɗa ana kaɗawa har ya yi kauri. Kada a zuba wa ganye sai an zo ci, don gishiri yana janye ruwan ganye ya sa shi yaushi. Man kuwa ba ɗanɗano kaɗai yake ƙarawa ba, yana taimaka wa jiki ya amfana da bitamin A da ke samuwa daga karas da koren ganye.

Kammalawa

Mun ga yadda salak ya taso daga lambunan Masar, ya sami suna a Rum, ya sami awo a Ingila, ya sami ɗaukaka a Faransa, kafin ya iso mana ta hanyoyi biyu ya tarar da ɗan’uwansa kwaɗo. Abin da muke gudu shi ne mu wayi gari muna ganin ba a cin ganye sai da kwalbar kanti, wadda kuɗinta ya ninka na ganyen sau da yawa, har talaka ya ɗauka abincin ba nasa ba ne, matasa kuma su raina kwaɗon iyayensu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Idan hunturu ya kama, latas ya cika kasuwa, mu sayi na ɗan abin da ya sauƙaƙa, mu haɗa ruwansa da hannunmu, mu kuma miƙa wa dattijon nan farantin, mu ce masa kwaɗo ne.