Iskokin Gida: Maƙwabtan da Kano Ba Ta Gama da Su Ba

A al'adar Hausawa, iskoki ko aljanu halittu ne da ido ba ya gani, amma ake ɗauka suna zaune tare da mutane. Akan raba su gida biyu: na gida, waɗanda ake lallashi a zauna lafiya, da na daji, waɗanda ake gudu. Wuraren da aka fi danganta su da su su ne tsamiya, kuka, rijiya, juji, bayan gida da kango. Daga nan ne hanin zuba ruwan zafi a ƙasa ba tare da bisimilla ba, da hana yara yawo da magariba, suka samo tushe.

Imanin ya girmi Musulunci a Kano. Tarihin sarakunan birnin ya ambaci Barbushe, mai hidimar Tsumburbura a Dutsen Dala. Littafin Joseph Greenberg na 1946 kan Maguzawan ƙasar Kano ya nuna cewa iyali kan gaji iskokin da yake yi wa yanka daga uba. Jihadin 1804, da mulkin Turawa, da dawo da shari'a a 2000, duk sun takura wa bori, amma ba su kawar da imanin ba. Ruƙiyya ce ta karɓi yawancin aikin jinyar.

Ba Hausawa kaɗai ba ne. A ƙasar Aisland akwai Jólasveinar, 'yan ɓarna 13 da ake cewa suna shiga gidaje ɗaya bayan ɗaya daga 12 ga Disamba, wani ya lashe cokula, wani ya buga ƙofofi. A 1746 hukuma ta hana tsorata yara da su.

A Kano, faɗaɗar birni ta sauya iyakar gida da daji. Rukunan masana'antu na Bompai, Sharaɗa da Challawa an kafa su ne a wajen ganuwa. Yau unguwanni sun matso su, kuma masana'antu da dama sun rufe sun zama kango, wato mazaunin aljanu a tsohon lissafi.

Nan ne batun ya shafi siyasa. Gurɓataccen ruwan masana'antun jima ya daɗe yana kwarara cikin Kogin Challawa. Ciwon da aka jingina wa iska ba ya kai ƙara, ba ya neman diyya. Aljani ba ya amsa sammaci. Mai masana'anta da hukumar kare muhalli kuwa suna da adireshi.