Bagaruwa da Jar Fata: Tarihin Hajar da Ta Ƙetare Sahara

Duk wanda ya taɓa tauna ɗanyen goro ko ya kurɓi shayin da ya daɗe a wuta ya san bauri, wato yadda baki ke ɗaurewa harshe ya yi kaushi. Abin da ke kawo wannan baurin wani sinadari ne da Allah ya sa a ɓawo da ganye da 'ya'yan itatuwa da yawa, yana kare su daga ƙwari da ruɓewa. Masana kimiyya na kiransa tanin, kuma yana cikin babban dangin sinadaran da ake cewa fenol. Wani Bafaranshe mai suna Armand Seguin ne ya raɗa masa sunan a 1796. Amma tun ƙarnuka kafin nan majeman ƙasar Hausa suna cin abinci da shi, a cikin 'ya'yan bagaruwa.

Yadda yake aiki ba wuya ne da shi ba. Fata ɗanya an gina ta da wasu siraran zarurruka na furotin. In an bar ta da danshi sai ta ruɓe, in ta bushe sai ta ƙandare kamar katako. Tanin yana ratsa tsakanin zarurrukan nan, ya manne musu, ya ɗaure su da juna, ruwa da ƙwayoyin cuta su rasa hanyar ɓata su. Abin da yake yi wa harshen mai cin goro na ɗan lokaci, shi yake yi wa fata har abada. Wannan ita ce jima.

Majemi yakan fara jiƙa fatar, ya sa ta a ruwan toka don gashi ya saki, ya kankare gashin da sauran nama. Wasu sukan bi ta da kashin kaji ko na tattabaru don ta yi laushi. Daga nan a daka busasshen kwanson bagaruwa a turmi, a jiƙa, a tsoma fatar ana murzawa ana juyawa har ruwan ya ratsa ta. A wanke, a shafa mai, a shanya. Rinin ma daga tsirrai yake. Jan launin nan sananne daga karan dafi ake samunsa, wata irin dawa da ake shukawa don rini, kuma jan nata shi ma ɗan dangin fenol ne. Baƙi kuwa, da ƙarfe ya haɗu da tanin sai ya koma baƙi wuluk, shi ya sa dukawa ke neman kashin maƙera. Da irin wannan haɗin Turawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna yin tawadarsu.

Kasuwar wannan sana'a tsohuwa ce. Leo Africanus, wanda aka buga littafinsa a 1550, ya ambaci masu ɗinkin takalma na Gobir da ake kai hajarsu Tambutu da Gawo. Heinrich Barth, da ya sauka a Kano a 1851, ya lissafa takalma da jemammun fatu cikin manyan kayan da birnin ke fitarwa, har zuwa Tarabulus. Ayarin raƙuma kan tashi daga Kano ya bi ta Damagaram da Agadas, ya ratsa Gat da Gadamas, kafin ya isa bakin teku. Da yake Turawa a tashoshin Arewacin Afirka suke sayen fatar, sai suka riƙa kiranta fatar Maroko, alhali da yawanta daga ƙasar Hausa ta fito. Majemi ya sha wari, wani ya tafi da suna.

Sirrin ingancin abu biyu ne. Na farko akuyar kanta: jar akuyar da a Najeriya ake danganta ta da Sakkwato, a Nijar kuma da Maraɗi. Iri ɗaya ce, iyaka ce ta ba ta suna biyu. Fatarta tana da ƙarfi da laushi da kyan ido. Na biyu bagaruwa, wadda ke ba da fata mai haske da ke karɓar rini. Shi ya sa masu yi wa littattafai bango a Ingila suka daraja ta ƙwarai. A Sudan ma da kwanson wannan itace ake jima, suna kiransa garad.

Abubuwa biyu suka juya akalar cinikin. A 1884 wani mai suna Augustus Schultz ya yi rajistar hanyar jima da gishirin kuromiyam a Amurka, wadda ke gama aiki cikin kamar yini guda, ta kuma dace da manyan injuna. Sannan a 1911 layin dogo ya iso Kano. Kayan da a da ke bin raƙumi zuwa arewa suka koma bin jirgin ƙasa zuwa Legas, kamfanonin Turawa kuma suka fi son ɗanyar fata busasshiya, su je su jeme a ƙasarsu. Daga masu sayar da gamammen kaya, sai muka koma masu tara wa wasu ɗanye. A yau fiye da kashi uku cikin huɗu na fatar duniya da kuromiyam ake jeme ta, har da mafi yawan abin da masana'antun Calawa da Sharaɗa da Bompai ke fitarwa.

Duk da haka bagaruwa ba ta mutu ba. Majeman Kano da Damagaram da Gamkale a Yamai da Marwa a Kamaru suna nan da ramukansu, dukawa na ɗinka gafaka da sirdi da burgami. Ruwan kuromiyam da ba a tace ba yana gurɓata rafi da gona, shi ya sa wasu masu saye a ƙasashen waje suka koma neman fatar da aka jeme da tsirrai, suna kuma biyan kuɗi mai kyau a kanta. A Samarun Zariya akwai cibiyar gwamnati da ke bincike da koyar da aikin fata.

Matsalar tana gida. Ana sare bagaruwa don itace da gawayi, saboda itacenta na da nauyi, yana riƙe wuta. Ƙiraga da yawa suna ƙarewa a tukunyar ganda. Fatar akuya da tunkiya kuwa tana ƙetare iyaka ɗanya, da gishiri, a farashi mafi ƙanƙanta, wuƙar mahauci ta riga ta huda wasu. Kowane buhun bagaruwa da mata suka tsinto a daji, da kowace fata da aka jeme kafin a ɗora ta a mota, riba ce da ta tsaya a hannun mutanenmu. Kakanninmu gamammiyar fata suka kai Tarabulus. Ɗan kasuwar da ke loda ɗanya a yau, ya kamata ya zauna ya lissafa nawa yake bar wa wanda zai jeme ta.