Idan talabijin ta nuna "Pas de signal"

Kafin a kira mai gyara, a shiga saitin dikoda a duba layuka biyu: ƙarfin sigina, wato puissance, da ingancinta, wato qualité. Su ke nuna inda matsalar take.

Idan duka biyun sifili ne, galibi wutar da dikoda ke turawa zuwa LNB, kan nan da ke gaban faranti, ba ta isa: ko waya ta yanke, ko ruwa ya shiga mahaɗinta ya yi tsatsa. Idan ƙarfi na nan amma inganci ya faɗi, yawanci iska ce ta gusar da farantin. Tauraron yana nisan kusan kilomita 36,000, don haka kaucewar da ido ba ya gani ma ta isa. A riƙa juya shi a hankali, wani na kallon allo. In ana ruwa mai ƙarfi kuwa, taɓa faranti ɓata aiki ne. A jira ruwan ya ɗauke.

Ita TNT da eriya take aiki. Hoto kan daskare ko ya farfashe idan eriyar ba ta fuskanci hasumiyar watsawa ba. Tsohuwar talabijin marar DVB-T2 sai an haɗa mata dikoda, sannan a sake neman tashoshi.