Tazarce: ranar da abokan tafiyar Tanja suka ce a'a

Yau za mu koma shekarar 2009, wadda da yawanmu a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai muka bi ta da rediyo a kunne.

Tanja Mamadu bai hau mulki shi kaɗai ba. A zagaye na biyu na zaɓen 1999, da kuma na 2004, Mahaman Usman da jam'iyyarsa CDS-Rahama sun mara masa baya, shi kuma Mahaman Usman ya riƙe shugabancin majalisar dokoki. Hama Amadu na MNSD-Nasara ya yi masa firaminista fiye da shekara bakwai. Mumuni Adamu Jarmakoy na ANDP ya shigo tafiyar a 2002.

Kundin tsarin mulkin jamhuriya ta biyar ya ƙayyade wa'adi biyu, ya kuma hana a taɓa wannan ayar. Amma daga ƙarshen 2008 aka fara kiran tazarce, wai a bar tsohon ya ƙarasa ayyukansa: matatar mai ta Damagaram, madatsar ruwa ta Kandaji, gada ta biyu a Yamai.

Sai abubuwa suka riƙa bin juna. Ranar 26 ga Mayu 2009 Tanja ya rusa majalisa. Ranar 12 ga Yuni kotun tsarin mulki, ƙarƙashin Salifu Fatimata Bazai, ta ce zaɓen raba gardamar da ya kira ya saɓa doka. Kwana biyu bayan nan Jarmakoy ya fito gangamin ƙin tazarce a Yamai, ciwo ya kama shi a wurin, Allah ya yi masa rasuwa a ranar. Kafin watan ya ƙare CDS ta fice daga gwamnati, Tanja ya ɗauki ikon mulki na musamman, aka rusa kotun, aka dakatar da rediyo da talabijin na Dounia. A watan Agusta aka kama Maru Amadu na ƙungiyoyin farar hula. Mahaman Usman, wanda jiya yake zama kusa da shugaba, ya koma sahu ɗaya da Mahamadu Isufu cikin ƙawancen CFDR, suna kokawa kan take doka da toshe bakin jama'a.

Mun yaba musu, don sun faɗi gaskiya a lokacin da faɗinta ke da tsada. Sai dai akwai abin da bai kamata mu manta ba. Lokacin da aka kama ɗan jarida Musa Kaka a Satumba 2007, ya yi sama da shekara a tsare, CDS tana cikin gwamnati. Dokar zama cikin shiri da aka sa a jihar Agadas a wannan shekarar, wadda ta ba jami'an tsaro damar tsare mutane, ita ma suna ciki aka sa ta. Hama kansa, wanda ya daɗe a tsakiyar wannan mulki, sai da ya kwana gidan kason Kutukale daga Yuni 2008 zuwa Afrilu 2009. Ai dama an ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

An yi zaɓen raba gardama ranar 4 ga Agusta, aka sanar da fiye da kashi 92 cikin ɗari sun amince, alhali ƴan adawa sun ƙaurace. A Oktoba CEDEAO ta dakatar da Nijar. Ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojoji ƙarƙashin Salu Jibo suka kifar da gwamnatin da rana tsaka. Shekara ukun da aka ƙara wa Tanja ba ta kai ko wata biyu ba.

Shi ya sa duk lokacin da muka ji wani tsohon abokin gwamnati yana kukan an danne ƴanci, mu saurare shi, domin ya san cikin gidan. Mu kuma tambaye shi inda yake ranar da aka kama na farko. Ku da kuka ga 2009 da idonku, ku gaya mana yadda abin ya kasance a garinku.