Mai Gyaran Rediyo da Masassaƙa: Asalin Jayayyar Fender da Gibson

Duk wanda ya yi niyyar sayen jitar lantarki, da wuya ya tsira daga tambaya guda: Fender ko Gibson? Masu gardama sukan tsaya a kan daɗin sauti. A ganina, asalin bambancin yana ga wuyan jitar da yadda aka haɗa shi da gangar jikinta, kuma tarihin kamfanonin biyu ne ya haifar da shi.

Matsalar da aka fara fama da ita a Amurka ita ce ƙarancin murya. A cikin manyan ƙungiyoyin kiɗa, ƙahonni da ganguna sukan danne jita har ba a jin ta. A shekarar 1931 George Beauchamp ya ƙera wata jita mai kama da kaskon suya, wadda kamfanin abokinsa Adolph Rickenbacker ya fitar kasuwa a 1932. Sirrinta maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar waya, wanda ke juya kaɗawar tsirkiyar ƙarfe zuwa lantarki, a tura shi ga lasifika. Wannan shi ne maɗaukin sauti.

Kamfanin Gibson, wanda aka kafa a garin Kalamazoo a 1902, gidan masassaƙa ne da suka gaji ƙirar kayan kiɗa masu ƙoƙo. A 1936 suka fitar da ES-150, jita mai rami a ciki wadda Charlie Christian ya yi suna da ita. Sai dai idan aka ƙara murya, ramin yakan amsa sautin lasifika, jitar ta ɓarke da kuwwa. Makaɗi Les Paul ya kai musu maganin abin, wato tsirkiyoyi a kan gungumen katako marar rami, amma suka ƙi karɓa.

Wanda ya yi gaba da su ba makaɗi ba ne ma. Leo Fender mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, kuma idon mai gyara ya kalli jita da shi: me zai lalace, kuma yaya za a canza shi? A 1950 ya fitar da jita ta falan katako, aka ɗaure mata wuya da kusoshi huɗu masu murɗi. Da farko ya kira ta Broadcaster, sai kamfanin Gretsch ya yi ƙorafi domin yana da ganguna masu suna irin wannan, aka mayar da ita Telecaster a 1951. Stratocaster mai maɗaukan sauti uku ta biyo baya a 1954. Idan wuyan ɗayansu ya lalace, sukurudireba ya ishe ka: ka kwance, ka ɗaura sabo.

Ganin kasuwa na neman kuɓuce musu, mutanen Gibson suka nemo Les Paul ɗin da suka raina, suka sa sunansa a jitarsu ta 1952. Sun yi ta da katakon mahogani, dangin maɗacin nan namu, suka manne wuyanta da gam kamar yadda suka gada. Tana da nauyi, tsawon tsirkiyarta inci 24.75 ne a maimakon 25.5 na Fender, saboda haka ta fi laushi ga yatsa. A 1957 suka ƙara mata maɗaukin sauti mai naɗi biyu, ƙirar Seth Lover, wanda ke kashe ƙugin lantarki, ya kuma ba ta murya mai kauri. Amma kanta a tanƙware yake zuwa baya, kuma faɗuwa guda tana iya karya shi. Wannan gyara ya fi ƙarfin sukurudireba, sai ƙwararren masassaƙi.

Abin dariya, sandar ƙarfen da ke cikin wuya don miƙe shi idan ya lanƙwashe, ma'aikacin Gibson ne, Thaddeus McHugh, ya ƙirƙiro ta tun farkon shekarun 1920. Fender ya fitar da jitocinsa na farko ba tare da ita ba, wuyoyi suka karkace, dole ya saka. Har yau ita ce madogarar mai jita idan hunturu ya busar da katako: a murɗa ta kwatan zagaye kawai, a dakata a ga yadda wuyan ya amsa, domin garaje yana iya tsinka ta. Sauran kulawar, goge zufa daga tsirkiyoyi bayan kiɗa ne da canza su kafin tsatsa ta ci su.

Sunayen biyu sun sha sauya hannu. CBS ya sayi Fender a 1965 a kan dala miliyan 13, ma'aikatansa suka fanso shi a 1985. Gibson kuwa ya rufe masana'antar Kalamazoo a 1984 bayan ya koma Nashville, ya kuma shiga karayar arziki a 2018 kafin ya farfaɗo. Kowanne yana da ƙanwa mai sauƙin kuɗi: Epiphone, da Gibson ya saya a 1957, da Squier, da Fender ya fara sa wa jita a 1982. Saboda haka tambarin da ke kan jita bai cika faɗa wa mai saye wanda ya ƙera ta ba. Gara ya juya ta ya duba bayan wuyan, ya ga kusoshi ne ko gam, sannan ya tambayi kansa wa zai gyara masa ita a garin da yake zaune.